Amsa: Garin da Dabba Ke Faɗin Tsawon Hunturu

Malam, tambayarka kan ko da gaske akwai garin da ake tambayar dabba yaushe sanyi zai wuce: e, akwai. Sunansa Punxsutawney, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, mutanensa ba su kai dubu shida ba. Tun 1887, duk ranar 2 ga Fabrairu da asuba ake fito da wata dabbar rami mai kama da ƙaton kurege, wadda suke kira Phil. In ta ga inuwarta, sai a ce sauran mako shida na hunturu. In ba ta gani ba, sanyi ya kusa tafiya. Jamusawa baƙin haure ne suka zo da al'adar.

Camfi ne, kuma sau da yawa ba ta dacewa. Amma ni ina ganin dalilinsu: manomin da dusar ƙanƙara ta kulle a gida wata da watanni dole ya ƙagu da jin labarin ranar fita. Kuma sanyin yankin ba wasa ba ne. A tsakiyar Maris 1993, guguwa ta zuba wa birnin Pittsburgh, da ke yammacin jihar kamar su, dusar da ta kai wajen santimita 60, hanyoyi suka rufe, makarantu ma haka.