Doguwar hasumiyar da ke bayanmu a hoton Sallah

Kawu, Allah ya ƙara girma, da fatan an yi Sallah lafiya. Ka tambaya me ya kai mu shimfiɗa tabarmi da kulolin abinci a gindin wannan dogon dutse, ko kabarin wani ne. Kwantar da hankalinka, ba kabari ba ne. Mai ita yana binne can Landan, a cocin St Paul. Hasumiyar tunawa da Wellington ce a filin shaƙatawa na Phoenix Park da ke Dublin, babban birnin Ayilan, tsayinta mita 62.

Gidajenmu a nan ƙanana ne, falo ɗaya ba ya ɗaukar iyali biyar. Shi ya sa in an sauko daga idi, in rana ta yarda ta fito, sai mu nufi fili. Daga masallacin South Circular Road ba wani nisa ba ne. Mata su zo da waina da miyan taushe, yara su yi ta hawa matakalan hasumiyar suna zamewa, kowa kuma da laima a jaka, don ruwan ƙasar nan ba ya sallama.

Amma akwai abin da muke faɗa wa duk baƙon da ya iso daga gida: kada ka nuna hasumiyar ka ce wa ɗan ƙasa "ga gwarzonku". Wani zai yi murmushi, wani zai haɗe rai.

Sunan mutumin Arthur Wellesley, wanda duniya ta sani da Wellington. A Dublin aka haife shi a 1769, ɗan gidan sarauta, gandunsu na kusa da garin Trim. Irin gidajen nan asalinsu Ingila ne, 'yan Furotesta ne, su ke riƙe da ƙasar noma, talakawa 'yan Katolika kuwa suna noma suna biyan su haya. A lokacin ɗan Katolika ba shi da ikon zama a majalisa. Shi kuwa bai wuce shekara 21 ba aka ba shi kujerar Trim a majalisar Dublin a 1790, kamar ɗan hakimin da aka ajiye wa rawani tun yana goye. Daga nan sai soja: Indiya, Fotugal, Sifaniya, har ya karya Napoleon, sarkin Faransa, a Waterloo a 1815. Tsakanin yaƙe-yaƙen, daga 1807 zuwa 1809, shi ne babban sakataren gwamnatin Landan mai kula da Ayilan.

Inda labarin ya yi daɗi shi ne bayan ya zama firaministan Birtaniya a 1828. A shekarar ne Daniel O'Connell, ɗan Katolika, ya ci zaɓe a gundumar Clare ta Ayilan, doka kuma ta hana shi zama a majalisar Landan. Wellington ba mai son sauyi ba ne ko kaɗan, amma soja ne, ya san ƙamshin yaƙin basasa. Ya matsa wa sarki George na huɗu lamba har dokar ba 'yan Katolika damar shiga majalisa ta wuce a 1829. Mutanensa suka ce ya sayar da su. Ɗaya daga cikinsu, Winchilsea, ya zage shi a rubuce, sai ga firaminista guda ya fita fili da bindiga domin su raba raini. Allah ya sa ba wanda ya ji ciwo. Sai dai a lokaci guda aka ɗaga dukiyar da ake buƙata kafin mutum ya jefa ƙuri'a daga sule 40 zuwa fam 10, ƙananan manoman da suka zaɓi O'Connell suka rasa ƙuri'arsu. Wannan ne maƙwabtanmu ba su manta ba, ni ma a ganina abin da ya bayar da hannun dama ya karɓi rabinsa da na hagu.

An fara hasumiyar a 1817, kuɗi suka yanke, ba a gama ba sai 1861, shekara tara bayan mutuwarsa. Ta Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Ingila, da ke tsakiyar gari an tashe ta da bam a 1966, ta Wellington kuwa aka ƙyale.

Mu dai tsarinmu shi ne, in hira ta zo kan Ingila da Ayilan a wurin aiki, mu saurara fiye da mu yi magana. In suka ji daga ƙasar da Ingila ta mulka muka fito, su da kansu ke jawo kujera su fara ba mu nasu labarin. 'Ya'yanmu kuwa a makaranta suke karanta duk wannan, su ke gyara mana shekarun in mun rikice. A gaida Inna da mutan gida.