Ta ina za a fara tallar sashen koyon zane?

Malama, kin ce an buɗe ɗaukar ɗalibai a sashenku na koyon zane amma masu neman gurbi sun yi ƙaranci, kina tambayar ta ina za a fara talla.

Ni dai shawarata, ki fara da aikin ɗalibanku na yanzu. Hoton gini da jerin kwasa-kwasai ba sa jan hankalin matashi. Ki ɗauki aiki guda, misali tambarin wani kamfani, ki nuna zanen farko da fensir, layukan da aka goge, gyaran da malami ya yi da jan biro, har ya kammalu a kwamfuta. Gajeren bidiyo irin wannan a Instagram ko TikTok ya fi fosta goma. Bauhaus ma, wata makarantar koyon zane da aka yi a Jamus, da baje kolin ayyukan ɗalibai da malamanta a 1923 ta ƙara yin suna.

Kada ki manta da iyaye, domin galibi su ke biyan kuɗin makaranta, kuma tambayarsu ɗaya ce: wane aiki yaro zai samu? Ki nemo tsofaffin ɗalibai da ke aiki su yi bayani da bakinsu.

Sannan ki ware rana guda ɗaliban sakandare su zo su gwada zane da hannunsu. A fom ɗin rajista ki sa tambayar "A ina ka ji labarinmu?", don ki san inda za ki ƙara kuɗin talla badi.