Amsoshin tambayoyinku: igiyar ƙofar murhun itace ta mutu, wacce zan saya kuma da wane gam?

Wannan makon tambayoyi uku ne suka haɗu a kan abu ɗaya, biyu daga 'yan uwanmu da ke ƙasashen sanyi, ɗaya daga nan gida, toh bari in haɗa su kawai.

Tambaya ta farko daga wani ɗan uwa a jihar Minnesota ta Amurka: "Salam Malam. Na sayi gida a bayan gari, na tarar da irin murhun nan na itace da ake girkewa a waje, yana ɗumama ruwa yana turo shi cikin gida ta fayif. Tun da sanyi ya shigo itace baya jimawa, sau da yawa cikin dare ruwan sai ya tafasa ya zubo, ga wani baƙin abu kamar kwalta yana dalala ta ƙasan ƙofa. Maƙwabcina ya ce gaskit ɗin ƙofa ne, wato igiyar da ke zagaye da bakin ƙofar tana toshe iska. Na je shago na ga igiyoyi kala-kala da gam iri biyu, kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Maƙwabcinka da alama ya gano bakin zaren. Shi wannan murhu yadda yake aiki, idan ruwa ya kai zafin da aka saita masa, yawanci wajen digiri 180 na Farenhait, wato kusan 82 a Salsiyos, sai ya rufe kafar iska da kansa, wuta ta lafa ta koma ci a hankali har sai ruwan ya huce. Toh idan ƙofa tana yoyon iska kaga rufe kafar nan ya zama aikin banza, wuta na samun iska ta gefe tana ta ci, ruwa ya wuce 180 ya doshi 212 ya tafasa, itacen da ya kamata ya kai ka safiya ya zama toka tun tsakar dare. Shi kuma baƙin abin nan hayaƙi ne da ke fitowa ta inda ƙofar bata kama ba, ya haɗu da sanyin waje ya daskare, kuma shi ne ke jiƙa igiyar har ta sandare ta zama kamar ƙarfe.

Amma kafin ka kashe ko sisi ka gwada tukuna. Bari wuta ta mutu murhun ya huce, ɗauki takardar dala ɗaya ka sa rabinta a bakin ƙofa ka rufe ka kulle, sai ka ja. In ta yi gardama wajen fitowa wurin lafiya lau, in ta zare salin alin toh nan ne yoyon. Ka zagaye ƙofar duka, sama da ƙasa da gefen hinji da gefen makulli, kar ka gwada wuri ɗaya ka ce shikenan. Dalilin da ya sa nake cewa haka, wani lokacin igiyar da sauranta, makullin ne ya saki ko hinjin ya sauka, kuma yawancin ƙofofin nan akwai notin da ake ɗaurewa ƙofar ta ƙara matsewa. In ka danna igiyar da yatsa ka ji tana lotsawa tana dawowa, ɗaure makulli kawai ka sake gwada dalar. In ka ji ta ƙandare, ko ta baje ta yi fyaɗe, ko zarenta ya fara tsinkewa, sai canji.

Yanzu maganar saye. Abin da mutane suka fi ɓata lokaci a kai shi ne gam, alhali igiyar ce ke toshe iska, shi gam aikinsa kawai ya riƙe ta kar ta faɗo. Igiyar zaren gilashi ce da aka saƙa, tana jure zafi har wajen digiri 1000 na Farenhait, ana sayar da ita da kauri daban-daban: inci 3/8, 1/2, 5/8, 3/4, har inci 1, kuma manyan murhunan waje irin naka sun fi cin masu kaurin. Kar ka auna tsohuwar igiyar, ta riga ta matse, za ta yi maka ƙarya. Auna faɗin kwarmin da take kwanciya a ciki, ko mafi sauƙi ka duba farantin da ke jikin murhun ka ɗauki sunan kamfani da lambar modal. Kai ma ka yi sa'a, manyan masu ƙera irin wannan murhu kamar Central Boiler da Heatmor a nan jiharku suke, dilolinsu ba wahalar samu, ka ba su lambar su ba ka igiyar da aka yi don ƙofar. Ko da ta ɗan fi ta shago tsada ni ita zan ce ka saya, saboda bayan kauri akwai kuma tauri, wata igiyar saƙarta sakwa-sakwa ce wata kuma a cushe take tam, duk da kaurinsu ɗaya. Ka sa mai tauri inda ake son mai laushi ƙofa ta ƙi rufuwa, ka dinga dannawa da ƙarfi har ka lanƙwasa makulli, ka sa mai laushi inda ake son mai tauri bayan 'yan makonni ta kwanta yoyo ya dawo. Kuma ka sayi tsawon da ya ɗan zarce zagayen ƙofar, ba a yi wa wannan igiya ƙari a tsakiya.

Gam iri biyun da ka gani, ɗaya baƙin simintin gaskit ne, irin na kamfanin Rutland, wanda a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta yana jure digiri 2000 na Farenhait, in ya bushe tauri yake yi kamar dutse. Ɗayan silikon ne mai jure zafi, yawanci ja, irin wanda kanikawa ke shafawa a inji, shi iyakarsa wajen digiri 500 zuwa 600 ne na Farenhait amma baya sandarewa, yana nan da danƙonsa. Ga murhun waje mai ruwa a jikinsa ni silikon nake zaɓa in dai littafin kamfanin bai hana ba, don bakin ƙofarsa baya yin zafin murhun ɗaki, kuma ranar da za ka sake canji ɓamɓare shi kawai za ka yi, shi kuwa siminti sai ka sa kurfi da guduma kana sassaƙa.

Aikin kansa bai da yawa amma yana son natsuwa. In ƙofar tana cirowa daga hinji ka ciro ta ka kwantar a kan tebur. Zare tsohuwar igiya, ka kankare kwarmin da sukundireba da burushin waya har sai ka ga ƙarfe tsirara, wallahi nan ne rabin aikin, duk wanda ya liƙa sabuwar igiya a kan tsohon gam da kwalta kafin sati biyu za ta ɓalle. Goge da tsumma ya bushe. Kwantar da igiyar a kwarmin ba gam tukuna ka ga tsawon, ka naɗa tef a inda za ka yanke sai ka yanka ta tsakiyar tef ɗin don kar bakin ya warware. Sannan ka zuba gam siriri a ƙasan kwarmi, kar ka cika shi, in gam ya yi yawa igiyar za ta sha ta sandare tun ranar farko. Ka dinga tura igiyar cikin kwarmi a hankali, ban da ja, don in ka ja ta sirancewa take yi, musamman a kwana inda hannu ke son ja. Bakunan biyu su haɗu su matsi juna a tsakiyar gefe madaidaici, kar su haɗu a kwana. In silikon ne ka shimfiɗa takarda mai santsi ko leda a bakin murhun kafin ka rufe don kar ƙofar ta manne da jikinsa, ka bar shi awa 24 ba wuta. Za ka ji wani wari mai tsami, ba komai, bushewa yake yi. Matsalar ita ce a sanyin Minnesota silikon baya son bushewa a waje kuma gida ba zai zauna ba ɗumi ba, don haka ka shigo da ƙofar gareji mai ɗumi, ka tanadi wata hanyar ɗumama gida ta kwana ɗaya, ka kuma tabbatar famfon da ke zagaya ruwa yana aiki don kar fayif ya daskare. Sai itace, in ɗanye kake sawa ko igiyar zinari ce kwalta zai cinye ta, ka nemi wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, akwai 'yar na'urar aunawa mai arha.

Ta biyu wata Hajiya ce daga Ontariyo a Kanada, nata murhun na falo ne mai gilashi a ƙofa. Ta ce gilashin yana yin baƙi ta kusurwa ɗaya kawai, wuta kuma ko ta rage iska bata lafawa, tana tambaya ko ta kira ma'aikaci ko maigida zai iya, kuma suna da ragowar silikon na banɗaki.

Hajiya don Allah silikon ɗin banɗaki a bar shi a banɗaki, ba a yi shi don wuta ba. Murhun falo bakin ƙofarsa yana zafi sosai, simintin gaskit ya fi dacewa da shi sai in kamfanin ya ce wani abu daban, kuma shi bayan ya ɗan sha iska da ƙaramar wuta ake ƙarasa busar da shi, a bi abin da aka rubuta a kwalin. Baƙin kusurwa ɗaya sau da yawa alama ce iska na shiga ta nan, kuma a irin ƙofarki gaskit biyu ne, igiyar ƙofa da wani falalen tef da ke zagaye da gilashin kansa, a duba duka biyun. Maigida zai iya, kawai wajen mayar da gilashi kar ya ɗaure sukurorin tam, ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, gilashin zai tsage. Inda zan ce a kira ma'aikaci shi ne in an ɗora ƙarfe madaidaici a kan ƙofar an ga ta banƙare, ko bututun hayaƙi ya shekara ba a share shi ba. Kuma in babu na'urar da ke ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru a gidan, yau ɗin nan a saya, ita wannan iska bata da wari bata da kala.

Na ukun mai gidan burodi ne a Kano, tandarsa ta bulo ce da ƙofar ƙarfe da mai walda ya haɗa masa, ya ce burodin layin bakin ƙofa baya nuna daidai, itace kuma ya yi tsada, an kawo masa wata farar igiya an ce ta asbestos ce, ya saya?

Alhaji kar ka saya. Asbestos ƙurarsa in ta shiga huhu bata fita, tana jawo kansa bayan shekaru, ƙasashe da yawa sun hana shi, balle a bakin tandar da abincin mutane ke shiga yana fita, ga yaranka da ke tsaye a wurin kullum. Ka nemi igiyar zaren gilashi, zafin gasa burodi wajen digiri 200 zuwa 230 ne na Salsiyos, ko kusa da iyakarta bai kai ba, in ka samu mai rigar saƙar waya a sama ta fi don zarenta ba zai zuba kan burodi ba. Sai dai ƙofar walda ba ta da kwarmi, kuma falan ƙarfe in ya sha wuta murɗewa yake yi, don haka fara da mai waldar: ya ƙarfafa ƙofar da ƙarfen angul ta baya, ya yi mata kwarmi da siririn falan ƙarfe a zagaye daidai kaurin igiyar, ya sa makullin da ke jawo ƙofa ciki maimakon sakata. In tandar irin wadda ake hura wuta a cikinta ce a kwashe garwashi kafin a jera burodi, ƙofar mai igiya ta lokacin gashi ce kawai, lokacin hura wuta a bar ta a buɗe ko a sa wani falan daban, harshen wuta kai tsaye zai cinye igiyar da wuri. Gwajin takarda kai ma zai yi maka, ko da takardar naira ɗari ce, da safe kafin a hura wuta.