Amsa ga ɗan kasuwar Marwa da ake dawo masa da takalma

Wani ɗan kasuwa ya rubuto daga Marwa ta ƙasar Kamaru cewa yana ba dukawa aikin takalman fata yana aikawa Njamaina ta hanyar Kusiri, garin da ke kan iyakar Kamaru da Chadi, amma cikin ƙafa 100 da ya aika a watan Afrilu an dawo masa da 14: wasu sol ya ɓanɓare, wasu na dama ya fi na hagu girma. Yana tambaya ko ya sauya dukawa ne, ko kuwa ya rage farashi.

Alhaji, ban ba ka shawarar ko ɗaya ba. A ganina matsalar ita ce ba ka duba aikin sai bayan an gama an biya kuɗi, alhali a lokacin aibin ya riga ya shige ƙarƙashin gam da ɗinki.

Ka fara daga majema. Kafin ka biya, ka yanki ɗan gefen fatar ka dubi tsakiyarta. Idan ka ga farin layi, to bagaruwa ba ta ratsa ta ba, kuma irin wannan fatar ce ke ƙandarewa ta tsage bayan ta sha ruwa. Sannan ka goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kanta, domin rinin da ya kama ƙyalle zai kama ƙafar mai saye da bakin wandonsa. Ka kuma hana a yanko maɗaurin dama daga gadon baya, na hagu daga ciki, saboda fatar ciki ta fi miƙewa.

Maganar sol ta fi buƙatar haƙuri. Dole a kankare fuskokin biyu, a shafa gam a kowace, a jira kamar minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a buga da guduma, a bar shi ya kwana. Badukun da ake biya bisa yawan abin da ya gama ba zai so wannan jira ba, kuma ban ga laifinsa ba, tsarin biyan ne ya koya masa gaggawa. Kayan da aka haɗa da garaje, aka cusa a buhu, aka ɗora bisa mota a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ba abin mamaki ba ne su isa Kusiri baki buɗe. In da hali, a bi gam da ɗinki.

Game da girma, tazarar da ke tsakanin lamba 42 da 43 ba ta kai milimita 7 ba, don haka awon ido ba ya wadatarwa. Ka yanka ma'auni na kwali mai kauri ga kowace lamba.

Ka ajiye samfuri guda biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a hannun maigidan dukawa. Ku yi yarjejeniya cewa abin da ya dace da samfuri kaɗai za a biya, amma ka ƙara musu wani abu a kan kowace ƙafa, ka kuma sa kowane baduku ya yi alamarsa a ƙasan takalmi, domin idan kaya suka dawo daga Njamaina ka san hannun da suka fito.