Tambayoyin Masu Karatu: Gahawa tana gyara jiki ko tana ɓata shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shan gahawa kofi biyar kullum, na ƙarshe da daddare. Wasu sun ce tana kare hanta, wasu kuma sun ce za ta jawo mini hawan jini. Wa zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya. Bincike mai yawa ya nuna masu shan gahawa a kai a kai ba su cika kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu da ƙeƙashewar hanta ba kamar waɗanda ba sa sha. Sai dai alaƙa ce aka gani, ba magani ba ce da za ta maye gurbin na likita.

Matsalarka tana wajen yawa da lokaci. Kofi ɗaya mai cin mililita 240 yana ɗauke da kafeyin, sinadarin gahawa mai wartsake jiki, kimanin miligiram 95, kuma iyakar da ake ba baligi mai lafiya ita ce miligiram 400 a rana. Ka ga kofi biyar ya zarce. Kafeyin yana toshe aikin adinosin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya gaji, kuma sai bayan awa biyar rabinsa ke barin jini. Kofin daddaren nan shi ke hana ka barci mai nauyi, da safe ka tashi a gajiye ka sake nemo gahawa. Ka tsaya a kofi uku, na ƙarshe kafin ƙarfe biyu na rana. Kada ka yanke lokaci guda, don ciwon kai zai biyo baya cikin awa 12 zuwa 24. Rage rabin kofi duk bayan kwana uku.

Jini kuwa yakan hau na 'yan awoyi bayan shan gahawa. Auna shi kafin ka sha, ka sake aunawa bayan awa ɗaya. In ya yi tsalle sosai, kai wa likitanka sakamakon.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tacewa. Gahawar da aka tafasa da garinta ba a tace ba tana da wani mai da ke ƙara mugun kitse a jini, takardar tacewa kuma tana riƙe shi. A bar ta ta ɗan huce: a 2016 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan duk abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 a ma'aunin Celsius. Suga cokali uku a kowane kofi kuwa, ai an rushe amfanin.

Tambaya: Ina da juna biyu, an kuma ba ni maganin ƙarin jini. In daina sha?

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Kada ki wuce miligiram 200 a rana, har da abin da ke cikin shayi da cakulan, domin kafeyin yana daɗewa a jikin mai ciki kuma yana isa ga jariri. Gahawa tana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jini, don haka ki bar tazarar awa biyu tsakaninta da maganin.