Amsoshin Tambayoyinku: Yaƙin Afghanistan, daga faɗuwar Taliban zuwa dawowarta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Don Allah ta yaya Amurka ta kifar da gwamnatin Taliban cikin wata 2 a shekarar 2001, alhali Tarayyar Sobiyet ta yi kusan shekara 10 a ƙasar ba ta ci ribar komai ba? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ai Sobiyet ɗin ma kwana kaɗan ta ɗauka ta kama Kabul a Disambar 1979. Shiga Afghanistan bai taɓa gagarar mai ƙarfi ba, zaman ne ke gagara.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, da shugaban Taliban Mullah Omar ya ƙi miƙa Osama bin Laden, shugaban ƙungiyar Al-Ƙa'ida da ta kai harin, Amurka ba ta jira ta tara babbar runduna ba. Tun ƙarshen Satumba jami'an CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, suka sauka kwarin Panjshir da akwatunan daloli, suka sayi goyon bayan madugan yaƙin Ƙawancen Arewa, masu adawa da Taliban, waɗanda dama suke riƙe da wani yanki na ƙasar. Ranar 7 ga Oktoba aka fara ruwan bama-bamai, amma makonnin farko bai tsinana abin kirki ba, domin Taliban ba ta da manyan gine-gine ko masana'antun da rushe su zai durƙusar da ita. Lamarin ya sauya ne da aka sauke sojojin kundumbala, ƙungiya-ƙungiya ta mutum 12, kowace aka haɗa ta da madugu ɗaya, irin su Abdul Rashid Dostum. Wasunsu a kan dawaki suke yawo. Aikinsu su hango ramukan da mayaƙan Taliban suka ja daga, su ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS ko su haska shi da laser, su sanar da jirgin B-52 da ke shawagi a sama. Bam na sauka, mayaƙan Ƙawancen Arewa su danna. Mazar-i-Sharif ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba, Kabul ranar 13, Kandahar ranar 7 ga Disamba. Kwamandoji da yawa ma ba a yaƙe su ba, sauya sheƙa suka yi da suka ga inda iska ta dosa.

Dabarar tana da haɗarinta. Ranar 5 ga Disamba, a arewacin Kandahar, batirin na'urar wani jami'i ya mutu bayan ya ɗauki lambobin maƙiya. Da ya sa sabo, na'urar ta koma nuna lambobin inda shi kansa yake tsaye, su kuma ya aika wa jirgi. Bam mai nauyin kusan kilo 900 ya faɗo musu, ya kashe sojojin Amurka 3 da mayaƙan Afghanistan da dama, ya ji wa Hamid Karzai rauni a ranar da taron ɓangarorin Afghanistan a birnin Bonn na Jamus ya zaɓe shi shugaban riƙon ƙwarya.

TAMBAYA: To da duk wannan ƙarfi, ya aka yi Bin Laden ya sulale? Daga wata ɗalibar jami'a a Yamai.

AMSA: 'Yar'uwa, nan ne aka kashe maciji ba a sare kansa ba. Dabarar da ta ci Taliban ita ce ta kasa cin Al-Ƙa'ida.

A Disambar 2001 Bin Laden da mayaƙansa suka shige kogwannin Tora Bora, a kudancin Jalalabad, gab da iyakar Pakistan. Ƙa'idar kame maƙiyi a tsauni sananniya ce: ka fara tare hanyoyin fita, sannan ka taso shi daga gaba. A Tora Bora an taso, ba a tare ba. Sojojin Amurka da ke wurin ba su cika 100 ba. Jami'an CIA sun nemi a turo ɗaruruwan sojoji su zauna a mashigan tsaunin, ba a ba su ba. Aka bar hawan dutsen ga mayaƙan Hazrat Ali da na Haji Zaman, madugai biyu da ba sa ga maciji da juna. Watan Azumi ne, kuma sanyi ya tsananta, don haka da yamma sai su sauko buɗa-baki, su bar tudun da suka kama da rana, gobe a sake sabon lale. Ranar 12 ga wata Haji Zaman ya amince da tsagaita wuta wai don masu kogon su miƙa wuya. Ba su miƙa ba. Washegari aka kai hari majalisar dokokin Indiya, hankalin rundunar Pakistan ya bar iyakar Afghanistan ya koma iyakarta ta gabas da Indiya.

Madugun da aka saya da kuɗi zai yi maka yaƙi matuƙar buƙatarku ɗaya. Su Kabul da Jalalabad suke so, sun kuma samu. Mutuwa cikin ƙanƙara don kamo wani Balarabe ba ta cikin lissafinsu. Sai ranar 2 ga Mayun 2011 aka kashe Bin Laden a Abbottabad, cikin Pakistan.

TAMBAYA: Ni tsohon ɗan sanda ne a Tamale. Ina ganin da an zuba sojoji isassu da Taliban ba ta dawo ba. Ko kuwa?

AMSA: Yallaɓai, kana da gaskiya ta wani ɓangare. Littafin koyar da yaƙi da 'yan sunƙuru na sojan Amurka, na 2006, ya ba da ma'aunin jami'in tsaro 20 ga kowane mutum 1,000. Ƙasa mai mutum miliyan 30 ke nan tana buƙatar jami'ai 600,000. A 2002, lokacin da Taliban ke tarwatse, sojojin Amurka a ƙasar ba su wuce 10,000 ba, rundunar ƙasa da ƙasa kuma an taƙaita ta a Kabul har 2003, shekarar da aka kwashi jirage da masu leƙen asiri aka nufi Iraƙi. Da aka kai sojojin Amurka 100,000 a 2010, an makara.

Amma a ganinmu ko da an cika adadin, da wuya ya wadatar, saboda Pakistan. Iyakar ƙasashen biyu ta haura kilomita 2,400, galibi tsaunuka, Fashtunawa ne kuma a kowane ɓangare. A lokacin shugabannin Taliban suna zaune a Quetta, mayaƙan Haqqani, ƙawayensu, a Waziristan ta Arewa, duk a cikin Pakistan. Wanda ya sha wuta a lokacin zafi zai tsallaka ya yi jinya, ya ɗebi sabbin yara, ya dawo idan ƙanƙara ta narke. Amurka kuma ba ta iya matsa wa Pakistan sosai, domin abinci da man sojojinta daga tashar jirgin ruwa ta Karachi suke tasowa, su bi ta mashigar iyaka ta Torkham ko Chaman a manyan motoci. Da jiragen NATO suka kashe sojojin Pakistan 24 a Nuwambar 2011, Pakistan ta rufe hanyar har Yulin 2012.

Ga kuma kurakuran cikin gida. Ba a gayyaci Taliban taron Bonn ba, lokacin da za ta karɓi sulhu da araha. Madugan da jama'a suka tsana aka naɗa gwamnoni, wasunsu na kai sunan abokan hamayyarsu a matsayin 'yan ta'adda don a kai musu samame. Duk bam ɗin da ya faɗa gidan biki, kamar na Uruzgan a Yulin 2002, ya haifar wa Taliban da sabbin mayaƙa. Rundunar Afghanistan da aka gina kuwa, a takarda ta kai 300,000, amma cike take da sojojin bogi da kwamandoji ke karɓe albashinsu, kuma an horar da ita ta dogara da jiragen da 'yan kwangilar waje ne ke gyarawa. Bayan yarjejeniyar janye sojoji da Amurka da Taliban suka ƙulla a Doha ranar 29 ga Fabrairun 2020, 'yan kwangilar suka bi sojoji suka tafi, jirage suka fara kwanciya, sansanonin ƙauye suka rasa harsashi da abinci. Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agustan 2021.

TAMBAYA: Ke nan ba a cim ma komai ba? Daga wani ɗan kasuwa a Garoua.

AMSA: Alhaji, ya danganta da abin da aka je nema. In rushe sansanonin horo na Al-Ƙa'ida ne, an yi shi tun 2002, da sojoji kaɗan. In hana ƙasar sake zama mafaka ne, a duba wannan: a yarjejeniyar Doha Taliban ta yi alkawarin ba za ta bar Al-Ƙa'ida ta yi amfani da ƙasarta ba, amma a ƙarshen Yulin 2022 jirgi mara matuƙi ya kashe Ayman al-Zawahiri, magajin Bin Laden, a barandar wani gida a unguwar manya da ke tsakiyar Kabul.