Tambaya da Amsa: Wa Ya Ƙirƙiro Sikirin na OLED?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran waya ne a Kano, kullum ina gaya wa masu kawo gyara cewa sikirin na OLED ya fi na LCD tsada, amma da zarar an ce mini me ya sa, sai in rasa ta cewa. Wani abokin sana'ata ya ce kamfanin Samsung ne ya ƙirƙiro shi, ya kuma ce har fitilar ɗaki ana yi da shi. Don Allah a warware mana. Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abokin naka ya yi daidai a batun fitila, amma ya yi kuskure a batun Samsung, domin wannan fasaha ba ta da uba ɗaya: jami'o'i da kamfanoni a Amurka da Turai da Japan ne suka yi ta miƙa wa juna aikin shekara da shekaru kafin ta iso teburinka.

Bari mu fara da abin da idonka ya saba gani. Idan ka kwance sikirin na LCD, za ka tarar da fararen fallaye a bayansa da jerin ƙananan fitilu a gefe, su ne ke haska hoton daga baya. Sikirin na OLED ba shi da waɗannan, saboda kowane ɗigo a jikinsa shi ke ba da haskensa da kansa, daga wasu sinadarai masu tushen kabon da ake shimfiɗawa falle a kan falle, waɗanda kaurinsu duka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin silin gashi ba. Ka shiga ɗaki mai duhu ka buɗe baƙin hoto a wayoyin biyu: na LCD zai riƙa ƙyallin toka-toka, na OLED kuwa sai ka rantse a kashe yake.

A shekarar 1987 ne Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak a Amurka suka nuna irin wannan na'ura da ke haske sosai da ƙaramar wuta. A 1990 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila, cikinsu har da Richard Friend, suka samar da hasken daga sinadarai dangin roba. Sai dai akwai babbar matsala, wato kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da ke shiga sinadarin yana lalacewa ne a matsayin zafi. Wanda ya san kimiyyar lantarki kaɗai ba zai iya magance wannan ba, haka ma masanin harhaɗa sinadarai shi kaɗai, shi ya sa sai da Stephen Forrest na Jami'ar Princeton ya haɗa hannu da Mark Thompson na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka fitar da mafita a 1998, ta hanyar cusa ƙarfe mai nauyi a cikin sinadarin, da farko filatinam, daga baya iridiyam. Kamfanin Universal Display ya tallafa wa binciken nasu, ya kuma gina kasuwancinsa a kan ba masu ƙera sikirin lasisin amfani da wannan dabara, kuma irin wannan kuɗin lasisi yana cikin abin da mai waya ke biya bai sani ba.

Batun fitila kuwa, Turawa ne suka fi ɗaukarsa da zafi. Tarayyar Turai ta zuba kuɗi a wani aikin haɗin gwiwa mai suna OLLA daga 2004 zuwa 2008, inda jami'o'i da cibiyoyin bincike da kamfanoni sama da 20 suka zauna inuwa ɗaya ƙarƙashin jagorancin Philips, har da abokin hamayyarsa na kasuwa, Osram. Abin da ya sa kishiyoyi suka yarda su ci a kwano ɗaya shi ne aikin ya fi ƙarfin kowannensu: wani ya iya harhaɗa sinadarin, wani ya iya shimfiɗa shi a cikin injin da aka zuƙe wa iska, wani kuma ya iya rufe shi ruf, tunda ɗan danshi ko iska kaɗan ya isa ya bar baƙaƙen tabo a jikinsa. Sun cimma burinsu na lumen 50 (ma'aunin haske) daga kowane wat (ma'aunin wutar da fitila ke ci), tare da sa'o'i 10,000 na aiki. Aikin da ya biyo baya, OLED100, daga 2008 zuwa 2011, ya sa wa kansa buri huɗu masu lamba ɗari: lumen 100 a kowane wat, sa'o'i 100,000, fallen fitila mai faɗin santimita 100 a kowane gefe, da farashin Yuro 100 a kowace murabba'in mita. Burin ya yi daɗin ji, amma ba a cika shi duka ba.

A ganina ba gazawar masu binciken ba ce ta hana fitilar shiga gidajenmu, kasuwa ce ta riga su. Yayin da suke ta gwaji, ƙwan LED na yau da kullum, irin wanda ke cikin cocila da fitilar sola, ya ƙara haske ya kuma faɗi warwas a farashi. A 2015 Philips ya sayar da sashensa na fitilun OLED ga kamfanin OLEDWorks na Amurka, kuma a yau an fi ganin irin wannan fitila a bayan wasu motocin Audi da wuraren ƙawa.

Inda abin ya ci riba shi ne sikirin, a nan ne kuma abokinka ya ga sunan Samsung. Sony ya fitar da talabijin na OLED mai inci 11 a 2007, amma kamfanonin Koriya ta Kudu ne suka yi ƙundumbala suka gina manyan masana'antu, Samsung a ɓangaren waya, LG a ɓangaren talabijin. Har kamfanin Novaled na birnin Dresden a Jamus, wanda ya tsiro daga binciken jami'a ya kuma yi aiki a cikin OLLA, rukunin Samsung ne ya saye shi a 2013. Turai ta yi noma, wasu suka kai amfanin kasuwa.

To, idan mai kawo gyara ya sake tambayarka dalilin tsada, ka ce masa masana'antun da ke iya yin sa ba su da yawa, injinansu na da ɗan karen tsada, kuma ƙura guda na iya ɓata falle sukutum. Ka kuma ja hankalinsa kan abu ɗaya da har yanzu ake ta bincike a kansa: sinadarin da ke ba da launin shuɗi ya fi na ja da kore saurin dusashewa, kuma ɗigon da ya fi aiki ya fi saurin tsufa. Wannan ne ya sa kake ganin inuwar alamar batir ko ta agogo ta zauna daram a tsohon sikirin, kuma rage ƙarfin haske da amfani da baƙin hoton bango a sikirin suna jinkirta faruwar hakan.